Mdou Moctar: Makaɗin jitar Nijar da ya fara daga situdiyon Sakkwato

Idan ka tsaya a rumfar masu cajin waya a kasuwar Karmo, ko a Sabon Ibadan, ko a Agege, ka ce a tura maka waƙar Mdou Moctar, da wuya yaron da ke gaban kwamfutar ya gane wanda kake nufi. Zai ba ka Rarara, ya ba ka Hamisu Breaker, ya ba ka Shata tun daga kan tsofaffin faifai. Amma wannan sunan, sai dai ya ce ka sake faɗa. Alhali kuwa mutumin nan maƙwabcinmu ne, ɗan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, kuma a yau yana cikin makaɗan jita da ake ji da su a duniya. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kundin waƙoƙinsa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi, da irin kayan aikin da ake yi wa finafinan Hausa waƙa. Kuma ta memori da Bluetooth sunansa ya fara fita, wato dai ta irin sana'ar da yaron nan mai rumfa yake yi.

Asalinsa

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak na jihar Tawa, inda garuruwan Abalak da Tchintabaraden suke, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin haƙar yuraniyom da ke can arewa da Agadas. Ba'abzine ne, cikin mutanen da muka fi sabawa da kira Buzaye, harshensa kuma Tamashek. Da yawanmu a nan Abuja da garuruwan Kudu iyakar saninmu da Abzinawa shi ne mai gadi da rawani da amawali, yana zaune bakin ƙofa da 'yar butar shayinsa a kan gawayi. To, mutanen nan suna da kiɗan jita nasu na kansu wanda ya haura shekara arba'in, kuma shi Mdou ya gada.

Kiɗan ya samo asali ne daga samarin Abzinawa da farin shekarun 1970 da 1980 ya kora zuwa Aljeriya da Libiya neman abinci. Ana kiran samarin ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, kiɗan kuma ana ce masa asuf, wato kewar gida. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ce ta fi shahara a wannan fage, har ta ci kyautar Grammy a 2012. A ɓangaren Nijar kuwa, uban tafiyar shi ne Abdallah ag Oumbadougou, wanda kaset-kaset ɗinsa suka riƙa yawo a ɓoye lokacin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995. Ya rasu a 2020. Ganin wasan Abdallah ne ya sa yaro Mahamadou ya ƙudurta sai ya kaɗa jita.

Gidansu gidan addini ne, ba a yarda da kiɗa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Mu ma a yawancin gidajenmu, yaro ya ce zai zama makaɗi, sai a ce zai jawo wa dangi abin kunya, sai dai in gadon gidan ne. Ba wanda zai saya masa jita, shi kuma ba kuɗi. Sai ya samo katako ya sassaƙa, ya ɗaura masa wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, ya riƙa koya a ɓoye. Wanda ya san kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, ba zai raina irin wannan mafari ba. Mdou bahago ne, kuma har yau da hagu yake kaɗawa. Da ya zama saurayi ya bi sahun 'yan'uwansa zuwa Libiya ci-rani, daga baya ya dawo gida ya fara wasa a wuraren biki.

Sakkwato, 2008

A nan ne labarin ya shigo gidanmu. Mutumin Abalak ko Tawa, in yana neman babban gari, Sakkwato ta fi masa Yamai kusa: ya gangaro Birnin Ƙonni, ya tsallaka Illela, sai ga shi a birnin Shehu. A 2008 Mdou ya bi wannan hanya ya shiga situdiyo a Sakkwato ya ɗauki kundin da ya sa wa suna Anar.

Duk wanda ya girma da waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci ya san sautin: fiyano ne ke ba da kiɗa, kwamfuta ta buga ganga, sai a bi da muryar mawaƙi ta manhajar Auto-Tune har ta riƙa karkarwa tana sheƙi kamar ba ta ɗan Adam ba. Masu situdiyon Sakkwato abin da suka iya ke nan, shi kuma suka yi masa. Sai aka sami wani abu da kunne bai saba ji ba: waƙar soyayya da Tamashek, jitar katako irin ta asuf, ganga ta na'ura, murya kuma irin ta waƙar nanaye. Wasu masu son kiɗan Abzinawa tsantsa za su ce an gurɓata shi. A ganina wannan gaurayen ne ya fitar da shi daga cikin taron masu jita, domin samarin da ke kwaikwayon Tinariwen a lokacin ba su ƙirguwa, amma mai irin wannan sauti shi kaɗai ne.

Ba kamfanin da ya fitar da Anar a lokacin. Ba bango, ba hoto, ba talla a rediyo. Waƙoƙin sun shiga wayar wannan, ya tura wa wancan, direba ya ɗauka ya kai wani gari, har suka tsallaka iyaka suka shiga arewacin Mali da sauran garuruwan Sahara. Intanet ba ta wadata ba a lokacin, memori ne gidan rediyon talaka. Sai dai tsarin yana da illarsa, kuma mawaƙanmu sun san ta sarai: waƙa ta yi tashe kamar wutar daji, mai ita ko kwabo bai gani ba. Wani lokaci ma sunansa ɓacewa yake yi a hanya, domin duk wanda ya tura sai ya sauya wa waƙar suna yadda ya ga dama. Mdou ya yi suna a wuraren da bai taɓa takawa ba, abincinsa kuwa har lokacin daga wasan biki yake fitowa.

Baturen da ya bi sawun waƙa

Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, yana yawo a Mali da Muritaniya wajen 2009 da 2010 yana tattara kiɗa. Ya lura cewa abin da samari ke saurare a wayoyinsu ya bambanta da abin da kamfanonin Turai ke sayarwa da sunan kiɗan Afirka. Sai ya riƙa musayar waƙoƙi da su, ya kwafi nasu ya ba su nasa. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan da aka tsinto daga wayoyin Sahara. A ciki akwai waƙar Mdou mai suna Tahoultine, kuma ita ta fi jan hankalin masu saurare.

Abin yabo a aikin Kirkley shi ne bai tsaya ga kwafa ya sayar ba. Ya bi sawun masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya don a biya su haƙƙinsu. Da ya samu lambar Mdou ya kira shi, shi Mdou ya zaci wani ɗan'uwansa ne ke masa tsiya, ya kashe wayar. Daga baya dai suka haɗu a Nijar, Kirkley ya kawo masa jitar lantarki ta bahagwai, abin da ke da wuyar samu a ƙasashenmu. Wannan kamfani dai shi ne ya fitar da faifan Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, don haka ba baƙo ba ne ga kiɗanmu.

A 2013 Sahel Sounds ya fitar da Afelan, wanda aka ɗauka kai tsaye a Tchintabaraden, rabi da jitar katako a zaune, rabi da ta lantarki a filin biki da hayaniyar jama'a. A 2014 aka buga Anar a faifai, shekara shida bayan ɗaukarsa a Sakkwato.

Sai kuma fim. A 2015 aka fitar da Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Kirkley ya ba da umarni, Mdou ya fito a matsayin jarumi. An ɗauke shi a Agadas da harshen Tamashek, kuma an gina shi ne a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince mai suna Purple Rain na 1984, kamar dai yadda 'yan fim ɗinmu ke ɗauko labarin Indiya su sa masa riga da hula. Saurayi ne ya shigo gari da jitarsa da babur mai launin shunayya, mahaifinsa ba ya son kiɗa, ga kishiyoyin sana'a, ga budurwa. Sunan fim ɗin ya yi tsawo ne saboda masu shi sun ce ba su sami kalma guda ta launin shunayya a Tamashek ba, sai suka kewaya suka ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Fim ɗin ya zaga bukukuwan finafinai a ƙasashen waje.

Yadda yake kaɗawa

Turawa na yawan kiransa Jimi Hendrix na Sahara, saboda shi ma Hendrix bahago ne kuma farar jita ƙirar Fender Stratocaster suka fi riƙewa. Kwatancen yana da daɗin faɗa, amma bai cika daidai ba. Mdou bai taso yana jin kiɗan rok ba. Sai da ya riga ya ƙware sannan ya fara ganin bidiyon irin su Eddie Van Halen, ya ɗauki dabarar buga tsirkiya da yatsu a kan wuyan jita ya mayar da ita tasa.

Tushen kiɗansa na gida ne. Sautuka biyar yake juyawa a kai, irin waɗanda kunnen Bahaushe ya saba ji a goge da kukuma da gurmi, shi ya sa ko ba ka jin Tamashek ba za ka ji abin ya yi maka nisa ba. Ba ya riƙe ɗan robar da masu jita ke ƙwalƙwalar tsirkiya da shi, da yatsa yake kaɗawa. Yakan bar tsirkiya ɗaya tana gurnani a ƙasa ba ta sauyawa, sauran yatsun suna guje-guje a sama. Gangar kuma tana bin takun takamba da na tende, wato turmin da matan Abzinawa ke rufe wa baki da fata su kaɗa. Abin da ya fi bambanta shi da makaɗan Turai shi ne sauri: waƙa za ta fara a hankali kamar tafiyar raƙumi, tana tafiya tana ƙara wuta, kafin a ƙare mai ganga ya jiƙe da gumi. Wannan ɗabi'ar filin biki ce, inda makaɗi ke kallon ƙafar masu rawa ba agogo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kalangu ya san abin da ake nufi.

Kuma ba fuska ɗaya gare shi ba. Yana rubuta waƙarsa, ya rera, ya kaɗa. A kundin Sousoume Tamachek na 2017, wanda ya ɗauka a Portland, shi kaɗai ya yi komai, jita da amshi da kiɗa, cikin sanyin murya kamar hirar dare. Shekara biyu bayan nan sai ga Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, jita tana kuka kamar za ta fasa lasifika. In aka sa wa mutum Anar da Sousoume Tamachek da Ilana a jere, zai rantse mutum uku ne.

Ƙungiyar da aka fi saninsa da ita mutum huɗu ce: shi kansa, sai Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bes, wanda kuma shi ke haɗa sautin kundayensu. Coltun ya je Nijar ya bi su wasan bukukuwan aure kafin ya zama ɗan gida. Wahalar tafiyarsu ma abin a faɗa ce. Daga Agadas zuwa filin jirgin Yamai kusan kilomita 1,000 ne a kan hanya marar kyau, kwana guda cur a mota, kafin a fara maganar biza da jirgi.

Daga soyayya zuwa siyasa

A ranar 21 ga Mayu 2021 kamfanin Matador na New York ya fitar da Afrique Victime, kuma shi ne kundin da ya kai shi inda yake a yau. Jaridu da mujallun kiɗa da dama a Amurka da Ingila sun sa shi cikin fitattun kundayen shekarar. Tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya sa waƙar Tala Tannam a jerin waƙoƙin da ya fi so a 2021. A 2023 mujallar Rolling Stone ta sa Mdou cikin jerin makaɗan jita 250 da ta ce sun fi kowa a tarihi, a 2024 kuma ya yi wasa a bikin Coachella na Kalifoniya.

A cikin Afrique Victime akwai waƙoƙin soyayya, akwai Chismiten da ke magana a kan hassada, amma waƙar da aka sa wa kundin sunanta kuka ce a kan halin da Afirka ke ciki da abin da mulkin mallaka ya bari. Mutumin da ya yi ƙuruciya a Arlit ba sai an ba shi labari ba. Daga 1971 kamfanin Somaïr, wanda a da Faransa ke da kaso mafi girma a ciki, ya riƙa haƙo yuraniyom a can, ana kai shi tashoshin nukiliya da ke ba Faransa wuta. Ita kuwa Nijar, mafi yawan mutanenta ba su da lantarki, ɗan abin da take samu ma, kafin 2023, kaso mafi yawa daga Najeriya ta riƙa saye. Wannan magana Mdou ya sha maimaita ta a hirarrakinsa da 'yan jarida, ba ya ɓoye-ɓoye.

Kundin Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya fito ranar 3 ga Mayu 2024, kuma ya fi na baya zafi. Akwai waƙa mai suna Oh France da ke fuskantar Faransa kai tsaye, akwai Modern Slaves. Wadda ta fi taɓa ni ita ce Imouhar, inda yake kiran 'yan'uwansa Abzinawa da su riƙe harshensu kada ya mutu a bakin 'ya'yansu. A Nijar harsunan da ke danne Tamashek su ne Faransanci a makaranta da ofis, sai kuma Hausa a kasuwa da titi, wannan gaskiya ce ko da ba ta yi mana daɗi ba. Amma mu da ke renon yara a Legas da Fatakwal da Abuja, muna ji suna amsa mana Hausa da Turancin buroka, mun san irin wannan fargabar.

An riga an ɗauki kundin kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar da abin ya faru Mdou da abokansa suna Amurka suna zagayen wasa. Aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa ƙasar. Su uku 'yan Nijar ɗin suka maƙale a ƙasar mutane ba hanyar komawa, iyalansu na gida cikin zullumin ko za a yi yaƙi. Masoyansu ne suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. Matsayin Mdou a kan lamarin a bayyane yake: ya ce ba ya goyon bayan juyin mulki, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a Disamba 2023, a Yunin 2025 kuma gwamnatin sojan ta sanar da mayar da Somaïr mallakar ƙasa.

A wannan zaman jiran ne suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice, amma a zaune, da jitar katako da kiɗan hannu, ba hayaniyar lantarki. Shi ne kundin Tears of Injustice da ya fito ranar 28 ga Fabrairu 2025. Waƙoƙi iri ɗaya, baituka iri ɗaya, amma na farko faɗa ne, na biyun makoki.

A gida

Duk da wannan suna, Mdou bai koma Turai ko Amurka da zama ba. A Nijar yake, kuma an san shi da kashe wani ɓangare na abin da yake samu wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishirwa. A kan dandamali ma da rawaninsa da doguwar rigarsa yake fitowa. Ba shi kaɗai ne ɗan Nijar da jita ta kai duniya ba. Akwai Bombino na Agadas, wanda kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy, akwai ƙungiyar Etran de L'Aïr, akwai kuma Les Filles de Illighadad, 'yan mata daga wani ƙauye kusa da Abalak, ƙarƙashin Fatou Seidi Ghali, waɗanda suka haɗa jita da tende.

Ga wanda yake so ya saurara, waƙoƙinsa suna YouTube da sauran manhajojin kiɗa. Shawarata ga Bahaushe ita ce ya fara da Anar da Tahoultine, domin a nan zai ji hannun masu situdiyon Sakkwato ƙarara, har ya yi zaton waƙar fim ce aka sauya wa harshe. Daga nan ya wuce Tala Tannam in mai son sanyi ne. Waƙar Afrique Victime kuwa ta haura minti bakwai, a bar ta sai an sami lasifika mai kyau, ƙaramar waya ba za ta iya da ita ba. In kuma akwai Ba'abzine mai gadi a layinku, a kunna masa Imouhar a roƙe shi ya fassara.